Hoton da Basil Tanabe Ya Rufe Sau Dubu da Ɗari Biyar

Sama da shekara arba'in Basil Tanabe ya yi yana ɗaukar hoto a Broome, wani ƙaramin gari na bakin teku, kuma in ka cire guda ɗaya tak, sauran duk irin waɗanda ake liƙawa a fasfo ne, ko a rataye a falo har rana ta cinye su. Ba ƙage nake masa ba, shi da bakinsa yake faɗa. Shagonsa na kwano yana layin 'yan Sin, tsakanin mai taliya da mai gyaran injin kwalekwale, kuma da wuya ka sami ɗan garin nan da bai taɓa hawa doguwar kujerarsa ya sha tsawa ba. Gajere ne, tabaransa kamar gindin kwalba, ga saurin fushi.

"Ɗaga haɓa! Hoto ka zo ɗauka ko gaisuwar mutuwa?" Haka yake tarbar ango, haka yake tarbar limamin coci.

Ubansa ɗan Japan ne, cikin masu nutso ƙarƙashin teku neman lu'ulu'u, uwarsa kuma 'yar Sin ce mai ɗan kanti. Bai gaji nutso ba, don tun yana yaro ruwa na wuce masa gwiwa zai fara kuka. Abin da ya gada wurin tsohon shi ne dafa ƙullun shinkafa na manna takarda, wanda ake gyara fitilun takarda da shi. Ƙullu ne mai kunya. Yana riƙe takarda shekara da shekaru, amma da ya ji tururin ruwan zafi sai ya saki, ko tabo ba ya bari.

Wannan ƙullun, da wata doguwar durowa a ƙarƙashin kantarsa, su suka sa garin ya riƙe Basil da daraja duk da bakinsa. A wurin mutanen da ƙasar nan take tasu tun fil'azal, idan mutum ya rasu ana ajiye sunansa, ana ajiye fuskarsa, har ranar da dangi suka ce ya isa. Ba a kira, ba a kallo. Ba al'adar uban Basil ba ce, ba ta uwarsa ba, amma a cikinta ya buɗe ido, kuma rabin fuskokin da ke tagar shagonsa na masu al'adar ne. Da zarar an aiko da labarin rasuwa, ko shayi bai kurɓa ba zai je ya zare hoton mamacin daga taga, ya naɗe shi da fim ɗinsa cikin takarda ruwan ƙasa, ya rubuta kwanan wata, ya sa a durowa. In hoton taro ne, na biki ko na 'yan ƙwallo, sai ya yanki 'yar takarda daidai fuska ɗaya ya manna. Bayan shekara, ko biyu, ko biyar, wata tsohuwa za ta shigo ta ce, "Basil, fito mana da shi." Bai taɓa tambayar kowa sai yaushe ba, kuma bai taɓa jinkirin yini ɗaya ba.

Perpetua Lazaro kuwa wanki take yi a asibitin garin. Litinin zuwa Juma'a tana cikin tururi da zannuwan gado. Ranar Lahadi da la'asar sai ta kafa hular maza a ka ta nufi farfajiyar otal ɗin bakin teku, inda tsofaffi uku suke jiranta da fiyano da ganga da wata ƙatuwar garaya da ake kaɗawa a tsaye. Jaz take rerawa, wanda ta koya daga faya-fayan da matuƙan jiragen ruwa suke bar wa ubanta. Shekararta hamsin da takwas, ƙatuwa, mai wushirya, mai dariyar da ake ji daga tsallaken titi. Idan ta fara waƙa kuwa, mun sha gani da idonmu: mai kai abinci ya tsaya da farantinsa a hannu, 'yan kati su kife katinsu, mashayin da tun azahar yake neman abokin faɗa ya zauna ya rufe fuska da hula. Muryar tana farawa can ƙasa, kamar ana jan tebur a ɗakin maƙwabci, sai ta hau, ta ƙara hawa, har ka ji kana riƙe numfashi a madadinta. Mu da muke ji duk mako ma ba mu taɓa sabawa ba.

Mutum ɗaya ce a garin ba ta taɓa taka farfajiyar nan ba, yayarta Concepta, wadda take share coci tana shirya furannin bagadi.

"Muryar da Allah ya ba ki don gidansa, kin kwashe kin kai wa 'yan giya," in ji Concepta.

"Yaya, ai su suka fi buƙata. Ku naku ya riga ya gyaru."

Shekara talatin suna wannan musu, suna kuma cin miyar kifi da shinkafa a tukunya ɗaya.

A 1987 wata mata mai suna Daphne Kostakis ta zo hutu daga Perth, babban birni can kudu. Tana da ɗan kamfanin faifai, ita kaɗai da teburinta. Ta zauna cin abinci a farfajiyar, Perpetua ta buɗe baki, abincin ya huce a gabanta. Kafin wata uku ta ɗauki Perpetua da tsofaffin nan uku zuwa Perth, aka naɗi waƙa goma. Can kuma aka kai ta wurin babban mai hoto, aka cire mata hula, aka sa mata riga mai ƙyalƙyali, aka shafe ta da hoda. Tana dawowa ta watsa hotunan a kan kantar Basil.

"Dubi nan don Allah. An yi wa kada kwalliya."

Basil ya ɗaga ɗaya kusa da hanci. "Fitilu dai masu tsada ne."

"Ba fitila na tambaye ka ba. Ka ga ni a ciki? Zo ranar Lahadi ka ɗauke ni, tsoho. Kai ka san inda munina yake, ba za ka ɓata lokaci wajen ɓoye shi ba."

Ya je yana gunaguni, don shi bai saba ɗaukar mutumin da ke motsi ba. Fim ɗaya mai hoto talatin da shida ya ƙarar, kuma talatin da biyar daga ciki shirme ne. Na ƙarshen, da ya tsoma takardar a ruwan wanki fuskar ta fara tasowa, sai ya tsaya kallo har ya kusa barin ta ta ƙone. Ta kai ƙarshen wani dogon ja, ido a rufe, hula ta zame baya, gumi yana bin wuyanta, hasken teku ya yanko rabin fuskar ya bar rabi. Hannun hagu yana kan abin magana, na dama a dafe a gefen cikinta. Baki bai gama rufuwa ba. Kana kallo kana jiran sauti ya fito daga takarda. Basil ya ji tsoro, tsoro na gaske, don ya san hannunsa bai kai nan ba, abin zuwa ya yi masa.

Ya aika wa Daphne hoton, tana buɗe ambulan ta bugo waya. "Mista Tanabe, a wane rami ka ɓuya duk shekarun nan?"

Aka buga kwalin faifai dubu da ɗari biyar, hoton ya cika fuskar kwalin daga gefe zuwa gefe, sunan mawaƙiyar a sama, can ƙasa a lungu kuma da farin rubutu ƙanana: Basil Tanabe. Aka aiko masa da guda ɗaya ya gani. Perpetua ta riƙe shi da hannu biyu.

"To, wannan ce ni," ta ce. "Kada ka nuna wa Yaya. Sai faifan ya fito zan ajiye mata shi kusa da littafin addu'arta, in ga yadda za ta yi da baki."

Ana sauran mako biyar faifan ya fito ta faɗi a ɗakin wanki. Kwana tara ta yi a gadon da ta sha wanke zaninsa. Basil ya je duba ta sau biyu, ta kore shi da zolaya duka biyun. Ana bikin duniya ake na ƙiyama.

Da safiyar da labarin rasuwarta ya zo, ya zare tsofaffin hotunanta daga taga ya naɗe kamar kullum. Kwalin nan kuwa ya ɗauko shi, ya shimfiɗa takarda, ya tsaya. Sai ya mayar da shi cikin ambulan ya jingine a ɗakin wankin hoto. Ranar farko ke nan a rayuwarsa da durowar ta jira shi.

Bayan jana'iza Daphne ta kira. Ta yi kuka tukuna, kukan gaske, sannan ta shiga magana.

"Ka taɓa ganin yadda ake sayen faifai, Mista Tanabe? Mutum yana tsaye yana tura su da yatsa ɗaya, fat, fat, fat. Kowane faifai ƙiftawa biyu yake samu. Ba ya jin komai, a shagon ma wata waƙar daban ake kunnawa. Fuska ce take ce masa tsaya. Wa ya san ta a Perth? Wa ya san ta a Sydney? In na cire hoton nan na binne ta karo na biyu."

"Dangi ba za su yarda ba."

"Hoton naka ne, ba nasu ba. Ko faifai ɗaya ba zan turo arewa ba, ba mai gani a cikinsu. Ka yi musu magana, kai suna jin taka."

Ba muguwa ba ce, kuma ba ƙarya ta yi ba. A kasuwarta gani ya kori ji. Shi kuma Basil yana so, kada mu rufa masa asiri. Yana so mutanen da ba su san shi ba su tsaya a gaban abin da ya yi, sau ɗaya kafin ya mutu. Son ya hana shi cin abinci.

Ya sami Concepta a gindin mangwaron gidansu tana ɓare ƙaguwa, ambulan a hammatarsa. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"In abin da ke hammatarka abin da nake zato ne, kada ka buɗe shi a gidan nan."

"Yaya Concepta, maganar faifan ce."

"Muryar ta roƙa da bakinta a asibiti, a gabanmu duka. Ta ce kada a binne waƙar tare da ita. Tsofaffin dangi sun zauna sun yarda ta tafi kudu, amma ba za a kunna ta a garin nan ba tukuna. Sunan gidanmu a sa, wannan namu ne mu duka. Fuska da sunan baftisma, a'a."

"A Perth kawai za a sayar."

"'Ya'yan ƙaninmu biyu a Perth suke aiki. Su fito neman burodi su ci karo da innarsu a taga?"

"Ba ki gan shi ba ne. Da kin gan shi..."

"Shi ya sa ba zan gani ba."

Ya tsaya yana murza bakin ambulan. Sai bakinsa ya suɓuce. "To har yaushe?"

Nan ta ajiye ƙaguwar ta dube shi. Ba fushi a idonta, da ma fushin ne da ya fi masa sauƙi.

"Shekara talatin da takwas, Basil. Uwarmu ta kwana a durowarka, mijina ya kwana a ciki. Ba ka taɓa yi wa kowa wannan tambayar ba."

Ya juya ya tafi, kunya ta hana shi sallama.

Kwana uku duk wanda ya shiga shagon ya ɗanɗana fushinsa. Wani malamin makaranta ya zo hoton lasin ya fita da gudu ya bar hularsa. A rana ta huɗu Daphne ta sake kira, muryarta a mace. Ta haƙura. Ba ta da ƙarfin sake buga wasu kwalaye, don haka hanya biyu ta rage: ko maɗaba'a ta niƙe su a sayar da faifan cikin farar jaka, ko a shafe fuskar da baƙar takarda mai gam ɗin masana'anta, wanda in ya kama ya kama har abada.

Kalmar niƙewar nan ce ta tashe shi.

"Turo min su."

"Me?"

"Kwalayen. Duka. Ni zan rufe su da hannuna, da abin da zai buɗu in lokaci ya yi."

Ya yi mata bayanin ƙullun. Ta yi wata dariya mai kama da tari. "So kake in shiga shagunan Perth da faifai cikin takardar naɗe kifi?"

"Ke kika ce yatsa ba ya tsayawa sai ya ga abin da bai saba ba. Kin taɓa ganin kifi a shagon faifai?"

Kwana uku babbar mota ta yi a hanya. Kwalayen suka iso a Nuwamba, lokacin da gari yake turara mutane kafin damina, riga ta manne a baya tun hantsi. Concepta ta tattaro matan cocinsu su shida, suka baje a barandar bayan shagon da almakashi da tulin takarda ruwan ƙasa. Su ne masu yanka, su ne masu buga hatimi. Hatimin yana ɗauke da sunan gidan Lazaro da layi biyu: akwai fuska a ƙarƙashin takardar nan, dangi suna roƙo a bar ta ta huta har su sanar. Cikin shagon kuwa ƙofa a kulle, labule a sake, Basil shi kaɗai, don a duk masu aikin shi ne kawai idonsa ya halatta ya gani. Zai ɗauko kwali, ya bi gefe huɗu da ƙullu siriri, ba ya taɓa tsakiya, ya ɗora takarda, ya shafe da tafin hannu, ya miƙa ta taga. Ya ɗiga man kanumfari a ƙullun saboda tururuwa da kyankyaso, har layin gaba ɗaya ya ɗauki ƙamshi.

A kwalin farko ya auna, ya ga in takardar ta gaza da faɗin yatsa ɗaya sunansa zai leƙo a ƙasa. Ya daɗe yana kallon wannan yatsa ɗayan. Amma rubutun a kan gefen rigarta yake. Ya ja takardar har ƙasa ya danne.

"Basil, ka mutu ne a ciki? Mun tara maka hamsin!"

"Ku dai ku yanka daidai. Wannan ta Anti Scholastica kamar ɓera ya gwada haƙori."

"Ɓeran ya fi ka gani, mai idon kwalba."

"Ku bar shi, da amaryarsa yake ciki."

"Kai, Allah ya shirye ki, a gaban Concepta?"

Suka kwashe da dariya, har Concepta ta ɗan murmusa. Da rana a kawo miyar kifi, a miƙa masa tasa ta taga, a ci gaba.

Mutum bai san hoto ba sai ya kalle shi sau ɗari a yini. Ɗari ukun farko Basil da alfahari ya rufe su, da ɗaci kuma. Wajen ɗari biyar ya tsani hoton, ba ya ganin komai sai kuskure: kan ganga da ya leƙo a baya, inuwar da ta yi nauyi a ƙarƙashin hula. Daga nan ya daina gani ma, hannu kawai yake aiki. A rana ta takwas, sun haye dubu da kaɗan, ya ɗora takarda daga sama yana jawo ta ƙasa, ta rufe hula, ta rufe ido, ta rufe baki, sai abin da ya rage a fili ya zama hannun daman nan shi kaɗai.

Ya tsaya. Da ma ya ɗauka salon tsayuwa ce ta mawaƙa. Yanzu da babu fuskar da za ta janye masa ido, ya ga yatsun sun nutse cikin rigar, jijiyoyin bayan hannun sun miƙe, farcen ya yi fari don dannawa. Ya san wannan dafewar. Ita ya gani a gadon asibiti, a daidai wurin, lokacin da take korarsa da zolaya. Wata biyar kafin kowa ya sani. Ashe a cikin wannan ciwon ta ja waƙar da ta tsayar da masu faranti, ashe da hannu ɗaya take riƙe da shi tana rerawa da sauran jikinta, kuma ta riƙe kwalin nan a gabansa ta ce wannan ce ni.

Ya zauna a ƙasa. Tsigar jikinsa ta tashi duk da zafin. Bai taɓa jin ƙanƙantar kansa a gaban wani mutum kamar ranar ba, kuma mutumin a takarda yake.

"Basil?" Muryar Concepta ce a bakin taga. "Lafiya kuwa?"

"Ƙullu ne ya bushe. Ku sha shayi."

Sauran ɗari biyar ɗin a hankali ya rufe su, kamar mai lulluɓa wa wanda barci ya ɗauka. Matan suka yi ta mita cewa tsufa ya kama shi. Kwana goma sha uku aikin ya ci, mota ta kwashe kwalayen ta koma kudu, shi kuma ya naɗe nasa da fim ɗin ya sa a durowa.

Labarin kasuwa a bakin Daphne muke ji. Shaguna huɗu suka ƙi karɓa, ɗaya ya ce ta dawo in an gama bugawa. Wani tsohon mai shago kuwa ya jera goma a tagarsa, mutane suka riƙa tsayawa suna karanta hatimin, su shigo su ce a kunna musu. Duk wanda aka kunna wa, to magana ta ƙare. Kafin wata shida babu ko ɗaya a ƙasa. Ba wani abin kaɗa ganga ba ne, dubu da ɗari biyar ne kawai, amma Daphne ta ce shekara ashirin tana sayar da fuska, ba ta taɓa ganin mutane sun riƙe kwali da irin wannan ladabin ba.

Wasu sun ɓare, ɗan Adam ke nan. Amma wasiƙu suka fara zuwa wa Concepta ta hannun Daphne, daga garuruwan da ba ta taɓa jin sunansu ba, daga mutanen da ba su san komai game da mu ba. Namu yana rufe, in ji su, ku gaya mana in lokaci ya yi. Ta riƙa tara su a gwangwanin biskit tana girgiza kai don mamaki. Wata jarida ta yi rubutu mai tsawo a kan faifan da ba shi da fuska, ta yabi dabarar talla. Basil ya karanta ya yi tsaki har sau uku. Ba a ambaci mai hoto ba, tunda babu wanda ya san akwai shi.

Ya koma fasfo da bikin aure. A shekara ta biyu zuciyarsa ta yi masa gargaɗi, ya kwana shida a asibiti yana kallon silin, yana tunanin zai iya mutuwa a mai hoton fasfo, abu ɗayan da ya yi yana ƙarƙashin takarda a gidajen baƙi. Tunanin ya yi masa ciwo ƙwarai. Concepta ta kawo masa romo kullum. Tambayar sai yaushe tana bakinsa, ya haɗiye ta da romon.

Damina huɗu ta wuce. Wata safiyar Afrilu yana goge gilashin kanta sai ga Concepta da sanda, ta ƙara tsufa, da wani abu mai faɗi cikin rigar matashi. Ta zaro shi ta ajiye. Faifanta ne, wanda Daphne ta aiko mata, takardar ko lanƙwasa ba ta yi ba.

"Tsofaffi sun zauna jiya," ta ce. "Kai ka rufe, kai za ka buɗe."

Ya kulle ƙofa ya ɗora buta a wuta.  Da tururi ya tashi ya kara gefen kwalin, lungu bayan lungu, ƙullun ya saki kamar jiya aka shafa, ƙamshin kanumfari ya cika shagon. Ya ɗage takardar ya juya mata kwalin, ya ja da baya.

Ta daɗe tana kallo. Mai taliya ya buɗe shagonsa, mai inji ya tada injinsa ya kashe, tana tsaye a dafe da sanda.

"Haka take yi?"

"Haka. Kowace Lahadi."

"Kowace Lahadi," in ji ta a hankali. "Ina gida ina guga."

Sai ta miƙa yatsa, ba fuskar ta taɓa ba, hannun daman ta taɓa. "Tun nan yake cinta."

"Ni sai da na rufe dubu kafin na gani."

"Kai hoto kake kallo."

Ta sunkuya kusa da kwalin, da muryar nan ta faɗa wadda duk layin ya sani, ta ce, "Perpetua. Ke dai ba ki taɓa jin magana ba." Shekara uku da rabi ba a ji sunan a garin nan ba. Ya fito mata da ƙyar, sai hawaye suka biyo shi, ta bar su suna zuba ba ta share ba, ta dai janye kwalin kada su ɗiga a kai.

"Gobe a bugo wa 'yar Perth ɗin nan, ta sanar da masu wasiƙu su buɗe nasu. Ka koya musu yadda ake yi da buta, kada su yage min ita. Yau dai tawa ce."

Wani ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya gaji ya tafi. Ba ta ɗauke ido daga hoton ba.

"Shekara hamsin da takwas muna tukunya ɗaya, Basil," ta ce. "Kai ne ka gan ta."

Basil ya kau da kai. Ya ce bari ya duba butar. Ya shiga baya, inda wutar ta daɗe a kashe, ya tsaya a can da tabarau a hannu har ya iya riƙe fuskarsa.